Ƙiba ba alamar wadata ba ce, bashi ne

A ƙasarmu, idan mutum ya samu ƙarin girma a ofis ya ajiye tumbi, sai ka ji ana cewa Alhaji ya murje, hutu ya zauna. Ni ma na daɗe a kan wannan fahimta, har sai da na ci karo da ayyukan Farfesa John Cawley, masanin tattalin arzikin kiwon lafiya ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe shekaru a Jami'ar Cornell yana lissafa abin da ƙiba ke laƙume wa al'umma.

A shekarar 2004 ya nuna cewa ƙiba tana rage wa mata fararen fata albashi a Amurka. A 2012 kuma, shi da Chad Meyerhoefer suka ƙiyasta cewa jinyar cututtukan da ƙiba ke haifarwa tana cinye kimanin dala biliyan 190 a shekara, wato kusan kashi 21 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne, bai yi wa magungunan da ake kawowa sassauci ba. Da birnin Berkeley ya fara karɓar haraji a kan lemon kwalba a 2015, shi da David Frisvold suka bi farashi a kantuna, suka gano cewa ko rabin harajin bai isa ga mai saye ba.

A nan ne darasinmu yake. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Nijeriya. Shin ya rage shan sa a Kano da Kaduna, ko hauhawar farashi ta haɗiye shi? Amsar ba ta samuwa sai da lissafi. Ga shi kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun jama'a suke fitowa. Ciwon sukari ko hawan jini na magidanci ɗaya kan tsiyata gida ɗungurungum.

A ganina, lokaci ya yi da jami'o'inmu na Arewa za su horar da masu irin wannan lissafi, gwamnati kuma ta saurare su kafin ta yanke hukunci. Wanda bai san yawan bashin da ake bin sa ba, ba zai san ranar biya ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.