FILIN MATA: Karatun Yara Da Tsoron Sangarta

Maganarmu ta wannan mako a kan karatun ƙananan yara ce a makarantun coci, irin waɗanda 'yan'uwanmu Kirista na wajen Roni da Gwiwa su ke kai 'ya'yansu. Amma matan Kazaure da Babura masu yara a Islamiyya kada su ajiye jaridar, gama ciwon ɗaya ne.

Akwai wata hanyar koyarwa wadda a ke bin hankalin yaro. Watau maimakon malam ya tsaya yana faɗa yara suna maimaitawa kamar aku, sai a duba inda ganewar yaron ta kai, a ba shi abu ya taɓa da hannunsa, a kuma bar shi ya yi tambaya. In ƙidaya ce, a zube masa tsakuwa ko ƙwallon goruba ya ƙirga da kansa. Da jin wannan sai waɗansu dattawan coci su ce, "A'a, wannan ai sangarta ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi." Su kan kuma tuna mana cewa Littafi Mai Tsarki ya ambaci sandan horo.

To, abin mamaki, masu addini ne su ka fara wannan hanya. Wani Bajamushe, Firobel, ɗan fasto ne. Shi ya buɗe makarantar ƙananan yara inda a ke koyo ta wasa da waƙa da shuka, a 1840 ya sa mata suna "lambun yara", don a ganinsa yaro tsiro ne da Allah ya ba mu amana. Duk da haka a 1851 gwamnatin Furusiya ta hana irin makarantun nan, wai suna koya wa yara rashin addini. Bawan Allah ya mutu a 1852, ba a ɗage hanin ba sai 1860. Kun ga ashe gardamar ba yau ta soma ba.

Sai kuma wata mace, likita, Mariya Montessori ta ƙasar Italiya, 'yar ɗarikar Katolika. A 1907 ta tara 'ya'yan talakawa a wata unguwa ta birnin Rum, ta sa aka yi musu kujeru da tebura daidai tsawonsu, ta yanka haruffa da takarda mai kaushi don yaro ya bi da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Ta koya musu shara da wanke hannu da ɗaura maɓalli. Wace uwa ce za ta kira wannan sangarta? Ita ce wadda ku ke ganin sunanta a allunan makarantun kuɗi, ko da ya ke sau da yawa sunan ne kawai ya iso, aikin yana can bai taso ba.

A nan ƙasarmu ma an taɓa wani abu kusa da haka. Ɗan Hausa, wanda ya fara zuwa a aikin mishan kafin ya koma na gwamnati, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa a ke karatu, ana kuma koyon dukanci da sassaƙa da ƙira. Makarantun mishan, tun daga ta Likita Mila a Zariya har ta SIM a Roni, burinsu shi ne mutum ya iya karanta Littafi da kansa cikin harshen da ya tashi da shi, shi ya sa aka gama fassara shi da Hausa a 1932. Wannan ai rabin bin hankalin yaro ke nan. Ɗaya rabin, watau sauke bulala, shi ne makarantun wancan zamani, na kowane addini, ba su cika yi ba.

Amma fa dattawan nan ba su rasa gaskiya ba. Wani malami na Amurka, Jon Diwi, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Shikago a 1896, ya tafi a kan cewa gaskiya ita ce abin da gwaji ya tabbatar. Makarantar addini ba za ta iya haɗiye wannan duka ba. Ba a cewa yaro ɗan shekara 6 ya gwada ya gani ko sata haram ce, kuma ayar da za a haddace sai an haddace ta. A ganina abin da za a koyar na manya ne, ba a shawara da yaro a kansa. Yadda za a koyar, nan ne ya kamata a dubi yaron. Wanda aka ba labarin Yusufu da 'yan'uwansa, aka tambaye shi me zai yi in shi ne aka jefa a rijiya, ya fi riƙe darasin yafewa bisa ga wanda ya rera aya jikinsa na rawa don tsoron dorina. Linjila kanta ta nuna Yesu ya tsawata wa almajiransa sa'ad da su ka kori yara daga wurinsa.

Saboda haka, uwargida, in za ki sa yaro makaranta, kada fenti da sunan Turanci su ruɗe ki. Ki nemi izini ki leƙa aji. Ki duba ko yara suna ɗaga hannu su yi tambaya, ko kuwa duk sun yi tsit idonsu na kan sandan malam. In ya dawo gida kada ki tsaya ga "Me aka koya muku?" Ki ce ya gaya miki ma'anarsa da Hausa. In ya kasa, ki je ki ga malamin cikin ladabi.

Ku kuma 'yan mata da ke makaranta, waɗansunku malamai za ku zama. Ku fara gwadawa da ƙannenku a tsakar gida: wake goma a faifai, a raba wa mutum biyu, a ga nawa kowa ya samu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.