SHARHI: Sunaye 100 da suka zama kuɗi: Yadda gonar matasan Baltimore ta yi yabanya ba ta cika rumbu ba

A ranar 17 ga Mayun 2025, ƙungiyar wasan besbol ta Baltimore Orioles da ke Jihar Maryland a Amurka ta sallami kocinta, Brandon Hyde, bayan an doke ta a wasanni 28 cikin 43 na farkon kaka. Korar koci ba baƙon labari ba ne a fagen wasanni. Abin da ya sa wannan ta ja hankali shi ne irin kirarin da masana suka sha yi wa ƙungiyar kafin nan. Mujallar Baseball America, wadda tun 1990 take fitar da jerin matasa 100 mafiya alamar haske a wasan, ta ɗora ɗan Baltimore a lamba ta ɗaya shekara uku a jere: Adley Rutschman a 2022, Gunnar Henderson a 2023, sai Jackson Holliday a 2024. Da dukkan ukun a hannunta, ƙungiyar ta ƙare kakar 2025 a ƙasan rukuninta, ta ci wasa 75, aka cinye ta 87.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai sai ya ajiye abin da ya sani a gefe kafin ya fahimci wannan tsari. Babbar gasar besbol, wato MLB, ƙungiyoyi 30 ne, kuma babu wadda ake korawa zuwa ƙaramin rukuni komai munin wasanta. Kowace tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, hawa-hawa, inda take renon matasan da ta ɗauka. Amurkawa suna kiran wannan tsari gona, kuma sunan ya dace, domin shuka ake yi a jira. Matashin Baltimore yakan fara daga ƙungiyar Delmarva, ya yi ta hawa har ya kai Norfolk a Jihar Virginia, matakin ƙarshe kafin babban fili na Camden Yards. Mafi yawansu ba sa ƙarasawa.

Yadda ake auna yaro

Masu farautar 'yan wasa suna da ma'auni da ya fara daga maki 20 ya tsaya a 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Abu biyar suke dubawa a jikin mai bugu: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, da iya tsaron fili. Mai jifa kuwa, kowane salon jifarsa makinsa daban, sannan a auna yadda yake iya saita ƙwallo inda ya nufa. Yanzu na'urori sun shigo, suna ƙirga saurin ƙwallo daga bakin sanda da yawan juyawarta a iska. Shekaru ma suna da nauyi ƙwarai: ɗan shekara 19 da ya iya tsayawa da ƙafarsa a tsakanin 'yan 24 ya fi daraja a idon masana bisa ɗan 24 da ke ragargazar yara. Wannan ne ya kai Holliday sama. A 2023, yana da shekara 19, ya haye matakai huɗun nan duka a kaka guda.

Sai dai makin da ake bai wa matashi ba na abin da yake yi yau ba ne. Hasashe ne na abin da zai zama bayan shekara huɗu ko biyar, idan gwiwar hannunsa ba ta tsinke ba, idan idonsa ya saba da jifa mai lanƙwasa, idan kewar gida da doguwar tafiyar bas ba su karya masa zuciya ba. Tarihin wasan cike yake da inda hasashen ya ci tura. Mike Piazza, wanda a ƙarshe ya shiga zauren gwarazan besbol, shi ne mutum na 1,390 da aka zaɓa a 1988. Albert Pujols na 402 ne a 1999. A ɗaya ɓangaren, Mark Appel, wanda Houston Astros ta ɗauka a lamba ta ɗaya a 2013, sai a 2022 ya fara taka babban fili, a wata ƙungiyar daban, yana dab da cika shekara 31.

Faɗuwa da gangan

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda Baltimore ta tara waɗannan matasa tun farko. Kowace shekara ƙungiyoyi sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga makarantun sakandare da jami'o'i, kuma a tsohon tsari wadda ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. Tunda babu barazanar faɗawa ƙaramin rukuni, rashin nasara ya zama jari. Houston ce ta nuna hanya: an doke ta sau 106 a 2011, sau 107 a 2012, sau 111 a 2013 a kakar wasanni 162, ta kwashi matasa, ta ɗauki kofin duniya na besbol a 2017, kodayake badaƙalar satar alamun abokan hamayya ta shafa wa kofin baƙin fenti daga baya.

A Nuwamban 2018 Baltimore ta ɗauko Mike Elias daga ofishin Houston ɗin ta damƙa masa ragamar ƙungiya. Ya zo da Sig Mejdal, masanin lissafi da ya taɓa aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA. Ƙungiyar da suka tarar an doke ta sau 115 a kakar da ta gabata. Ba su yi gaggawar gyara ta ba. An doke ta sau 108 a 2019, sau 110 a 2021, kujerun Camden Yards suka zama fayau. Ladan wannan wahala shi ne Rutschman a 2019, da aka ba shi dala miliyan 8.1 na sa hannu, da Holliday a 2022, da ya karɓi miliyan 8.19. Henderson kuwa a lamba ta 42 aka same shi, wanda ke nuna cewa gwanintar ido ma ta yi aiki, ba shan kashi kaɗai ba.

Da farko lissafin ya fita. A 2023 Baltimore ta ci wasa 101, ta zo ta ɗaya a rukunin da ke da New York Yankees da Boston Red Sox, aka zaɓi Henderson gwarzon sababbin 'yan wasa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Amma a zagayen fitar da gwani Texas Rangers ta doke ta sau uku a jere. A 2024 ta ci 91, Kansas City Royals ta fitar da ita a wasa biyu, inda maki ɗaya tak matasan nan suka iya ci. Wasa biyar na neman kofi, babu nasara ko ɗaya. Rabon birnin da kofin duniya tun 1983.

Ana yawan ɗora laifin a kan ƙarancin masu jifa, kuma akwai gaskiya a ciki. Daga 2019 zuwa 2025 Elias bai taɓa ɗaukar mai jifa a zagayen farko na zaɓe ba, bisa hujjar cewa hannun mai jifa ba shi da tabbas. Da buƙata ta taso, a Fabrairun 2024 ya bayar da matasa biyu, Joey Ortiz da DL Hall, haɗe da gurbin zaɓe guda, ya karɓo Corbin Burnes daga Milwaukee. Burnes ya yi shekara ɗaya ya tafi Arizona kan dala miliyan 210. Amma wannan bayani bai isa ba. A wasan farko da Kansas City, Burnes ya bari an ci maki ɗaya ne kacal, masu bugun da aka yi wa kirari ne suka kasa rama shi. Holliday da aka kawo babban fili a Afrilun 2024 ya samu ƙwallo sau biyu a yunƙuri 34, aka mayar da shi Norfolk. Rutschman ya yi fama da raunin tsokar gefen ciki a 2025. Henderson, da ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 37 a 2024, ya sauko zuwa 17.

Akwai wani ciniki da ya fi kowanne tona asirin hasashe. A Yulin 2024 Baltimore ta miƙa wa Miami matasa biyu, Kyle Stowers da Connor Norby, ta karɓi mai jifa Trevor Rogers. Rogers ya yi wasa mara kyau har aka tura shi ƙaramin rukuni, magoya baya suka yi ta Allah wadai. Shekara na zagayowa, Stowers, wanda ba ya cikin 'yan gaban goshin gonar, ya shiga wasan taurarin gasa da rigar Miami, shi kuma Rogers ya zama mai jifa mafi inganci a Baltimore. Wanda ya yanke hukunci kan cinikin a Agustan 2024 ya yi kuskure, wanda ya yanke a Yunin 2025 ma bai tsira ba.

Daga shafin jarida zuwa takardar yarjejeniya

Da a ce jerin sunayen nan hirar masoya wasa ce kawai, da babu abin damuwa. Amma ya daɗe da zama kuɗi. Ɗan wasan da ya shigo babbar gasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har shekara shida kafin ya samu 'yancin sayar da ƙwarewarsa ga wanda ya fi tayi, kuma a kusan ukun farko albashinsa ba ya nisa da mafi ƙaranci, wanda ya kasance dala 760,000 a 2025. Matashi mai hazaƙa, ke nan, shi ne ma'aikaci mafi arha a kasuwar. Ƙungiyoyi sun ƙware wajen tsawaita wannan arha. A 2015 Chicago Cubs ta riƙe Kris Bryant a ƙaramin rukuni na 'yan kwanaki a farkon kaka, ya ƙare shekarar da kwana 171 na aiki, alhali 172 ake buƙata a ƙirga masa shekara cikakkiya. Kwana ɗaya ya ja masa ƙarin shekara guda a ɗaure.

Don toshe wannan kafa, yarjejeniyar ƙwadago ta Maris 2022 ta kawo sabon tanadi. Ƙungiyar da ta fara kaka da matashin da sunansa ya fito a aƙalla biyu daga jerin 100 na Baseball America da ESPN da shafin MLB, idan ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, za a ba ta ƙarin gurbin zaɓe. Seattle ce ta fara cin moriyar wannan ta hanyar Julio Rodríguez, Baltimore ta biyo baya da Henderson. Ma'anar wannan ita ce ra'ayin wasu 'yan jarida ƙalilan ya shiga cikin dokar aiki, kuma ɗaya daga cikin jerin ukun mallakar hukumar gasar ce da kanta. Mafi yawan bayanan da marubutan ke dogara da su daga bakin ma'aikatan ƙungiyoyi suke fitowa, waɗanda ke da riba idan an zuzuta hajarsu kafin ranar ciniki. Ba lallai ne a yi zargin maguɗi ba kafin a ga cewa mai kaya da mai sa farashi suna cin abinci a kwano ɗaya. Yarjejeniyar ta kuma sa ƙuri'a a kan gurabe shida na farkon zaɓe, don rage kwaɗayin faɗuwa da gangan, bayan irin su Houston da Baltimore sun riga sun kwashe amfanin tsohon tsari.

Gonar ta yi wa masu ƙungiya rana ko da kofi bai zo ba. A 2022 majalisar dokokin Maryland ta amince da bashin da ya kai dala miliyan 600 don gyaran Camden Yards. A Disamban 2023, bayan kakar nasara 101, aka sabunta hayar filin. Watanni kaɗan bayan haka iyalan Angelos suka sayar da ikon ƙungiyar ga attajiri David Rubenstein da abokansa, a cinikin da ya ƙiyasta darajarta a kan dala biliyan 1.725. Masu sayen tikiti ne suka haɗiye shekarun shan kashi, masu biyan haraji suka tsaya wa filin.

Sannan ga dubban da sunansu ba ya shiga kowane jeri. A 2018 Majalisar Dokokin Amurka ta cusa wani tanadi cikin dokar kasafin kuɗi da ya cire 'yan ƙananan rukunai daga kariyar dokar tarayya kan biyan aikin ƙarin lokaci. A 2021 hukumar gasar ta rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120. Sai da 'yan wasan suka kai ƙara, aka sasanta kan dala miliyan 185 a 2022, suka shiga ƙungiyar ƙwadago a Satumban shekarar, kafin yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin shekara a mataki na ƙasa daga dala 11,000 zuwa 26,200, na mataki na sama kuma daga 17,500 zuwa 35,800. Waɗannan su ne ke jifa da tare ƙwallo kullum domin yaro mai miliyan takwas ya samu abokan gwaji.

Yaran Jamhuriyar Dominika da Venezuela ba sa cikin zaɓen shekara-shekara. Ana sa hannu da su ne tun suna da shekara 16, kuma an daɗe ana ba da rahoton cewa ƙungiyoyi na ƙulla alkawarin baka da masu horar da su tun yaran ba su kai haka ba, mai horarwa ya yanki kasonsa daga kuɗin sa hannu. Tattaunawar kafa musu tsarin zaɓe na ƙasa da ƙasa ta watse a Yulin 2022. Baltimore, wadda ta yi shekaru tana ƙaurace wa wannan kasuwa, ta buɗe makarantar horarwa a garin Guerra na Dominika a Janairun 2024. Daga wannan ƙasa ta samo Samuel Basallo a 2021 kan dala miliyan 1.3. A Agustan 2025, kwanaki kaɗan bayan wasansa na farko a babbar gasa, yana da shekara 21, ya sa hannu kan kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 67. Ya zaɓi tsuntsun da ke hannu, ƙungiya kuma ta sayi shekarun ƙarfinsa tun farashi bai tashi ba.

Makonni kafin wannan, a watan Yuli, Baltimore ta sayar da 'yan wasa tara, ciki har da Cedric Mullins da Ryan O'Hearn, ta karɓi wasu matasan da za a sake aunawa a jera. Yarjejeniyar da ta ba jerin sunayen ƙarfin doka za ta ƙare a ranar 1 ga Disamban 2026, kuma batun zaɓen ƙasa da ƙasa da na shekara shida na ɗauri suna cikin abubuwan da masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ba su taɓa daidaitawa a kansu cikin sauƙi ba.