Ɗan Sanda Ma Ɗan Adam Ne

Manomin da ya kwana biyu bai runtsa ba, in ya shiga gona yakan sare hatsi tare da ciyawa. Haka abin yake ga ɗan sanda da jandarma da gardi. Gajiya da damuwa in sun yi yawa, sai aiki ya lalace.

Mu dubi ƙasarmu ta Damargu. Ƙasa ce mai faɗi, garuruwa nesa da juna. Tun 2011 aka raba Belbeji da Tanut, kowace ta zama gunduma, amma tafiya ba ta ragu ba. Babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa Tanut, motoci ba sa yankewa dare da rana. Da bazara zafi yakan wuce awo 40, ga ma'aikaci tsaye a bakin hanya. Da kaka kuma dabbobi suna gangarowa daga arewa, wani lokaci kafin a saki gonaki. Nan da nan sai faɗa ya tashi tsakanin manomi da makiyayi, a kira hukuma da tsakar dare.

Me wannan nauyi yake haifarwa? Rashin barci, ciwon kai, hawan jini da saurin fushi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa matsin aiki mai tsawo yana ƙarar da ƙarfin mutum, ya sa ya daina kula da aikinsa. Mai irin wannan hali ba ya sauraren magana har ƙarshe. Yakan manta abin da shaida ya faɗa. Yakan daka wa mai gaskiya tsawa. Wa zai cutu? Talakan da ya kawo ƙara.

A ganina, gajiya ba hujjar zalunci ba ce. Wanda ya ci zarafin talaka a hukunta shi. Amma rigakafi ya fi magani. Ya kamata shugabanni su tsara aiki bi da bi, wanda ya kwana gadi ya samu barcin awa 7. A riƙa auna jininsu a gidan likita. Su kuma ma'aikata su sani, shayi mai ƙarfi da ƙwayar taramol ba sa maye gurbin barci.

Mu ma muna da namu rabo. Dokar karkara ta 1993 ta ɗora wa sarakunan gargajiya sasanta rikicin gona da kiwo kafin a je gaban alƙali. In dabba ta yi ɓarna, a fara zuwa wurin maigari, kada a ɗauki sanda. Manomi ya bar burtali a buɗe. Makiyayi ya jira ranar sakin gonaki. Duk rigimar da aka kashe a zaure, ta rage wa ma'aikaci tafiyar dare, ta bar shi da natsuwar bin ɓarawon shanu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.