Sharhi: Yadda Ma'aikatan Tashoshin Ruwa Ke Juya Akalar Gwamnatoci

Ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙuri'a a majalisar dokokin ƙasar da ba tata ba, amma akwai lokutan da takan tilasta wa gwamnatocin ƙetare sauya manufa, kuma hakan ya fi fitowa fili a harkar sufurin teku, inda kaya ba ya sauka daga jirgi sai da yardar 'yan dako da masu tuƙa injin ɗaga kaya. Tarayyar Ma'aikatan Sufuri ta Duniya, wato ITF, wadda aka kafa a 1896 kuma hedkwatarta ke Landan, a kan wannan ta gina ƙarfinta.

A watan Afrilun 2008, lokacin da hukumar zaɓen Zimbabuwe ta riƙe sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 29 ga Maris, wani jirgin ruwan ƙasar Sin mai suna An Yue Jiang ya iso Durban ɗauke da tan 77 na makamai, ciki har da harsasai kimanin miliyan uku, waɗanda za a kai wa gwamnatin Robert Mugabe ta hanyar mota, tunda Zimbabuwe ba ta da gaɓar teku. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta riga ta ba da takardar izinin wucewa, amma ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta ƙasar, SATAWU, ta ce 'ya'yanta ba za su taɓa ko akwati ɗaya ba, direbobinta kuma ba za su ɗauka ba. Babbar kotun Durban ta hana a ratsa ƙasar da kayan, jirgin ya ɗaga anga ya fice, ITF kuwa ta bi sawunsa tana ankarar da takwarorin SATAWU na Mozambik da Namibiya da Angola, har shugaban Zambiya Levy Mwanawasa, wanda ke jagorantar ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka a lokacin, ya yi kira ga maƙwabta da kada su bari a sauke makaman. Abin lura shi ne 'yan siyasa sun biyo baya ne, bayan leburori sun riga sun yanke hukunci.

Sai dai irin wannan turjiya ta 'yan kwanaki ce, kuma ba ta zama doka. Aikin da ya fi ɗorewa shi ne yaƙin da ITF ta soma a 1948 da abin da ake kira tutar aro, wato mai jirgi ya yi masa rajista a ƙasar da ba tasa ba, kamar Panama ko Laberiya ko Tsibiran Marshal, domin ya tsere wa haraji da dokokin albashi na gida. Da yake ba gwamnati ɗaya ke da cikakken iko da irin wannan jirgi ba, tarayyar ta girke sufetocinta a manyan tashoshi, suna hawa jirgi su duba littafin albashi da ɗakin ajiyar abinci, idan kuma mai jirgi ya yi taurin kai, ya san ana iya barin kayansa a ciki.

Wannan matsin lamba ya ƙara wa wakilan ma'aikata ƙarfin murya a Janiba, mazaunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda tun kafuwarta a 1919 ta bambanta da sauran hukumomin duniya, domin kowace ƙasa na tura wakilai huɗu zuwa babban taronta, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa. A nan aka amince da Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku a 2006, ta fara aiki a watan Agustan 2013, ta tanadi kwantaragi a rubuce da lokacin hutu da haƙƙin mayar da ma'aikaci gida. Hikimar da ke cikinta ita ce ƙasar da ta rattaba hannu tana da ikon bincikar kowane jirgi da ya shigo tasharta, ta tsare shi in ya saɓa, ko da ƙasar da yake ɗauke da tutarta ba ta shiga ba.

Duk da haka, ƙarfin na da iyaka, domin a inda gwamnatoci suka haɗa kai kan abin da suke tsoro, muryar ƙungiya kan dushe. A watan Satumban 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki, ma'aikatan jirgi kimanin 400,000 ne suka maƙale a teku bayan ƙarewar kwantaraginsu, wasu fiye da shekara guda, alhali da yawa daga cikin ƙasashen da suka hana su sauka sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ba su haƙƙin komawa gida.