Zazzaɓin Sayen Kyamara: Wa Ke Cin Guminsu Matasan Dutsin-Ma Da Kurfi?

Wani sabon zazzaɓi ya kama matasa a Dutsin-Ma da Kurfi, musamman ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da kuma yaran da ke kwana a shagunan buga gem. A majalisa, a bakin shagon cajin waya, har a kan hanyar dawowa daga masallaci, magana ɗaya ce ke yawo: wace kyamara ce ta fi dacewa mutum ya saya domin ya riƙa watsa wasansa na gem kai tsaye a intanet? Wannan ya ce Logitech, wancan ya ce Elgato, wani kuma ya rantse cewa in ba Sony ba ce ɓata kuɗi ne kawai. Abin takaici, duk cikinsu da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa daga ina wannan tambaya ta fito, kuma aljihun wa amsarta za ta cika.

Buga gem ba sabon abu ba ne, kuma ba shi ne abin faɗa a nan ba. Tun da PUBG Mobile ta fito a 2018, Call of Duty Mobile ta biyo baya a 2019, wayar hannu ta zama filin wasa ga yaron da bai taɓa mallakar PlayStation ba. Shi ma watsa wasa kai tsaye sana'a ce da wasu ke ci da ita a wasu ƙasashe. Dandalin Twitch da aka buɗe a 2011 domin wannan harka, kamfanin Amazon ya saye shi a 2014 a kan kuɗi kusan dala miliyan 970. Ba wanda zai zuba irin wannan dukiya a inda babu riba. Tambayar ita ce, ribar ta wa ce?

Matashin Kurfi da ya buɗe YouTube yana neman shawara, wanda zai fara cin karo da shi wani Bature ne a Amurka ko Ingila, zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ta waya ce da aka binne a ƙasa har cikin gidansa. Zai jera kyamarori guda goma yana yabon kowace, a ƙasan bidiyon kuma ga adireshin da za a latsa a saya. Abin da yaron bai sani ba shi ne, da yawa daga masu wannan talla suna karɓar la'ada a kan duk wadda aka saya ta hannunsu, wasu kuma kyauta kamfani ya aiko musu da kayan. Ashe dillali ne ya sa rigar malami! To dillali ya taɓa cewa hajarsa ba ta da amfani? Shi kuwa yaro sai ya ɗauki shawarar da aka yanka wa mutumin Landan ya ce zai sa ta a unguwar da ake kwana a wuni ba a ga ƙyallin wuta ba. Hausawa dai sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

A duba lissafi, domin lissafi ba ya son zuciya. Kyamarar Sony ZV-E10 da ake ta kururutawa ta fito a 2021 a kan kusan dala 700, jikinta kaɗai ba tare da gilashin gaba ba. Bayan gwamnati ta saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kenan a wannan canji, jikin kyamarar nan ya wuce Naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Albashin wata 15 na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Kuma irin waɗannan manyan kyamarori ba sa tafiya su kaɗai. Sai an nemi gilashi, da abin kafa ta, da batirin da ake jonawa da wuta, sau da yawa har da wata na'ura irin Elgato Cam Link wadda ke shigar da hoton cikin kwamfuta. Ita kanta kwamfutar fa? Galibin yaran nan a waya suke buga gem, ba su da kwamfutar da za a soka wa ko da 'yar ƙaramar kyamara irin Logitech C920. Ana cinikin sirdi, doki kuwa ba a ko haife shi ba.

Sannan ga babbar yaudarar da ake kira 4K. Hoton 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8, wato ninki huɗu na 1080p mai ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Daɗin faɗa. Amma a watsa gem, wasan ne ke cika allo, fuskar mai wasa tana can maƙale a 'yar kusurwa. Mai kallo kuma a ƙaramar waya yake kallo, ya ma rage ƙarfin hoton zuwa 360p don kada datarsa ta ƙare. To ina ɗigo miliyan 8 za su shiga a wurin da bai kai faɗin akwatin ashana ba? Wannan ma in ta gaskiya ce. Kasuwa cike take da kyamarori marasa suna da aka rubuta wa 4K da manyan baƙaƙe a kwali, alhali ƙwayar idonsu ƙarama ce, sai dai na'urar ta buɗa hoton kamar yadda ake ƙara wa kunu ruwa ya cika ƙwarya. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Abin da masu talla ba za su taɓa faɗa ba shi ne, ƙofar da hoto zai bi ya fita daga Dutsin-Ma ƙunci gare ta, kuma ba kyamara ke faɗaɗa ta ba. Mai kallon bidiyo saukowa yake yi da kaya daga intanet, mai watsawa kuwa turawa yake yi, kuma a layukan waya ƙarfin turawa yakan kasa na saukewa nesa ba kusa ba, ya ƙara raunana da dare lokacin da kowa ya hau layi. Domin watsa hoton 1080p mai hoto 60 a daƙiƙa, ana buƙatar tura kusan kilobit 6,000 a kowace daƙiƙa ba tare da yankewa ba. Wannan ya kama gigabait 2.7 a awa ɗaya. Wanda ya ce zai yi awa uku kowane dare, a wata ya ƙone sama da gigabait 240. In ya sassauta ya koma 720p a kan kilobit 3,000, har yanzu gigabait 1.35 ne a awa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Wa zai biya? Uban da ke jiran damina, ko uwar da ke sayar da ƙosai? In kuma sabis ya yi rauni, hoton kyamarar miliyan ɗaya da na ta dubu ashirin duk ɗaya suke komawa: fuska ta daskare, baki a buɗe, masu kallo su watse.

Ga wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta na awa uku ya zama shawarar da sai an zauna an yi ta.

Wanda duk ya san ɗaukar hoto, ko da mai ɗaukar hoton biki ne a Katsina, zai shaida cewa haske ne uban tafiya. Kyamara mai tsada a ɗaki mai duhu hotonta yashi-yashi yake fitowa, mai araha kuwa a gaban haske mai kyau sai ta ba da mamaki. Fitilar caji ɗaya a gaban fuska, ba a bayan ƙeya ba, ko zama ana fuskantar taga da rana, ya fi ƙarin dubu ɗari a kan kuɗin kyamara. In hoto yana rawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a shiga saitin kyamara a mai da shi 50Hz, domin shi ne bugun wutar Nijeriya, 60 na Amurka ne. Bayan haske sai murya. Mutane sukan jure hoto maras kyau, amma ba sa jure ƙarar janareta da kuwwar ɗaki, don haka ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga ya fi cancanta da kuɗin yaro. Kyamarar kanta kuwa, tana nan cikin aljihunsa. Idon bayan wayar Tecno ko Infinix ko Redmi ta matsakaicin kuɗi ya fi na yawancin ƙananan kyamarorin kwamfuta masu araha, kuma akwai manhajoji irin DroidCam da Iriun da ke mai da tsohuwar waya kyamarar kwamfuta, manhajar OBS Studio da manyan masu watsawa ke amfani da ita kuma kyauta ce. Wannan bayani ba ya kawo wa kowa la'ada, shi ya sa ba a cika jin sa ba.

To a ce an sayi kayan, kuɗin fa da ake mafarki? Dokar YouTube tun 2018 ita ce sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin ya fara samun rabon kuɗin talla a dogayen bidiyo. Kuɗin talla kuma ya danganta da ƙasar masu kallo. Abin da ake biya kan mai kallo a Katsina bai kama ƙafar na mai kallo a Amurka ba. Saura kyaututtukan TikTok, waɗanda suka mai da samari majiya ƙarfi mabarata, suna kwana suna roƙon baƙi su jefo musu fure da zaki. A watan Oktoban 2022, binciken BBC a sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya ya gano cewa abin da ke tafiya wajen kamfanin daga irin waɗannan kyaututtuka yana kaiwa kashi 70 cikin 100. Idan haka aka yi wa yaran da yaƙi ya raba da gidajensu, wane sassauci ɗan Kurfi yake jira? Shi ya sayi kaya, shi ya sayi data, shi ya hana idonsa barci, ya tashi da rana tsaka lakca ta wuce, asuba kuwa ba a ma maganarta, sannan wani a wata nahiya ya kwashe kaso mafi tsoka. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta sanya kamuwa da jarabar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a watan Janairun 2022.

Duk wannan asarar kuɗi ce, kuɗi kuwa ana mayar da shi. Akwai abin da ya fi shi nauyi, wanda Baturen YouTube bai san da shi ba domin ba a garinsa ake yi ba. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba sa buƙatar a tuna musu da watan Satumban 2021, lokacin mulkin Aminu Bello Masari, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan biyu, aka shafe watanni mutum sai ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Dalilin da aka bayar shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto daga cikin gari. Ba sa kuma buƙatar a tuna musu da watan Oktoban 2023, da aka shiga gidan haya a cikin garin Dutsin-Ma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'a. A irin wannan gari ne yaro zai kunna kyamara kowane dare a lokaci guda, ya nuna fuskarsa tar, ya nuna kwamfuta da wayoyi da fitilu a bayansa, ana jin kiran sallar masallacin unguwarsu, ƙanwarsa ta gifta da kayan makarantar da kowa ya san su, shi kuma yana ihu yana gode wa wanda ya aiko masa da kyautar da ya ce ta kai dubu hamsin. Bai san wa ke kallo ba. 'Yan bindigar su ma suna da waya, kuma a 2024 jaridu sun yi ta ruwaito yadda wasunsu ke fitowa a TikTok suna baje kuɗi. Aikin da a da sai an biya infoma ya yi shi a ɓoye, yanzu ɗan gida ne ke yin sa da kuɗinsa, da kyamarar da ya ci bashi ya saya. Kuma gwargwadon kyan kyamarar, gwargwadon yadda lambar babur da ke jingine a tsakar gida za ta karantu. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Watsa gem ba ya wajabta nuna fuska. Akwai masu watsawa da suka tara miliyoyin mabiya ba a san kamanninsu ba. Wani Ba'amurke mai buga Minecraft da ake kira Dream ya shafe shekaru a haka, sai a watan Oktoban 2022 ya bayyana fuskarsa, bayan ya riga ya yi suna. Iya wasa da iya zance suka tara masa jama'a. Matashin da ya nace sai ya yi wannan harka, ya fara da allon wasan da muryarsa kawai, da wayar da ke hannunsa, a 720p, ya ƙayyade wa kansa kuɗin data na wata, ya yi wata uku ya ƙirga mutum nawa suka dawo kallonsa ba don abota ba. In har sai ya nuna fuska, ya jingina da bango fili wanda babu taga babu ƙofa, ya sa jinkiri tsakanin abin da yake yi da abin da ake gani, kada ya ambaci unguwa, kada ya faɗi abin da ya samu, kuma ya nemi izinin maigidan da rayuwar iyalinsa ce ake sakawa a layi.