"A Buɗe A Gani" Ba Bincike Ba Ne

Rubutun wannan makon daga gareji ya fito.

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a Makera ko Kakuri, aka zaro sandar duba mai aka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ya san hukuncin da ake yankewa tun bai zauna a benci ba: "Alhaji, gasket ne ya ƙone, sai an buɗe." A ganinmu, wannan gaggawar ta fi cutar kanta cin kuɗin mutane.

Ba mu ce ƙarya bakanike yake yi ba. Gasket na ƙonewa, musamman da yake mun saba ɗura wa lagireto ruwan leda har tsatsa ta ci cikinsa, mu kuma ci gaba da tafiya allura na kan ja. Amma ba nan kaɗai mai da ruwa ke haɗuwa ba.

A fara da tambaya ɗaya: wa ya shiga gidan wa? Idan injin na aiki, ƙarfin da ke tura mai ya fi na ruwa nesa, domin murfin lagireto bai cika riƙe abin da ya wuce bar 1 da 'yan kai ba. Saboda haka in an ga mai na yawo a lagireto, na cikin injin kuwa yana nan garau, abin da za a fara zargi shi ne kular mai, ɗan akwatin nan da ruwa ke ratsawa don sanyaya mai a motocin zamani da dama, daga masu gudun tsiya har na haya. Canza shi bai kai rabin wahalar sauke kan injin ba. In motar otomatik ce kuma abin da ke cikin lagireton ya yi ja-ja, wataƙila man giya ne ya ɓalle ta cikin lagireton, injin bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai ma wanda ba cuta ba ne. Farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai, a lokacin hunturu, a motar da iyakarta kai yara makaranta, sau da yawa tururi ne da injin bai yi zafin da zai kore shi ba. Cire tamostat da ake yi wai don ƙasarmu da zafi, ƙara wannan yake yi.

Na gasket yana da shaidunsa: ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi ta salansa, kumfa na tasowa a lagireto. Ana gwada ƙarfin kowace silinda, ana hura wa lagireto iska a ga ko zai riƙe, akwai kuma shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya in hayaƙi na shiga cikin ruwa. Ko an tabbatar, sai an auna kan injin, don alminiyon na lanƙwasa in ya sha zafi. Sabon gasket a kan karkataccen kai, biya biyu ne.

Abin takaicin, a unguwar da ke maƙwabtaka da kamfanin Peugeot muke wannan magana, inda aka fara haɗa motoci tun 1975. Tsofaffin bakaniken 504 sun san ruwa na iya sulalewa cikin mai ta gindin silinda, gasket na nan lafiya ƙalau.

Mu masu mota ma da namu laifin. Bakanike ya yi awa biyu yana gwaji, sai mu ce ai bai taɓa komai ba, mu hana shi ko na ruwa. Sai mun ga ƙarafuna zube a kan kwali muke yarda an yi aiki. To, don me ba zai buɗe ba? A ware kuɗin bincike daban, a biya shi ko ba a kwance noti ɗaya ba. Kafin nan kuma, motar da manta ya koma madara kada a tayar da ita, a jawo ta. Ruwa ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, tazarar Makera zuwa Kawo ta isa injin ya buga.