Akwai Wuta a Cikin Tumbi

Duk wanda ya tashi daga Gwammaja ya bi ta Ƙofar Mazugal da safe, hancinsa zai sanar da shi ya kusa Abbatuwa tun kafin idonsa ya gani. Kullum ana yanka shanu da raƙuma, a feɗe tumbi a zubar da abin da ke ciki, ruwa ya kwashi wani ya kai rafin Jakara. Mu a ganinmu makamashi ne ake zubarwa, alhali masu dafa mana abinci a makaranta suna shan hayaƙin itace har idanunsu su yi ja.

Ga dalilinmu. A cikin hanjin dabbobi akwai wasu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba sa rayuwa inda iskar oksijin take. Abincinsu shi ne iskar da wasu ƙwayoyin ke saki sa'ad da suke narkar da ciyawa da dusa, su kuma su fitar da wata iska mai kama wuta da ake kira metan. Tun 1776 wani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya tara wannan iska daga taɓon bakin tafki ya kunna ta. Amma sai a 1977 Carl Woese na Amurka ya nuna cewa masu yin ta ba bakteriya ba ne, dangi ne dabam, wanda yanzu ake kira akiya. Mu ma 'yan Adam da yawa muna ɗauke da su a cikinmu, ko mai gayu ko marar gayu.

Ɗalibanmu da suka zo daga Kudancin Kaduna sun san kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, kuma wasunsu da kuɗin alade ake biya musu makaranta. To, alade ciki ɗaya gare shi kamar mutum, don haka waɗannan halittu a babban hanjinsa suke zaune, kuma metan da yake fitarwa a shekara bai wuce kilo 1 zuwa 1.5 ba. Saniya kuwa tumbinta kamar babbar randa ce, tana gyatsar fiye da kilo 30. Sai dai kashin alade idan aka tara shi a rami aka rufe, yana ba da iska sosai. Shi ya sa a ƙauyukan Sin miliyoyin gidaje suka haƙa irin wannan rami kusa da garken aladu, suna dafa abinci da shi. Mutanen Indiya, su da kashin shanu suke yin nasu.

Kada wani ya ji wannan ya ce muna so a kawo alade Gwammaja. Mun san maƙwabtanmu, mun san addininsu, muna kuma girmama su kamar yadda suke girmama mu. Ba ma bukatarsa. Dangin halittun da ke cikin alade suna nan a tumbin saniya da rago da akuya, aikinsu ɗaya ne. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gwada wannan da kashin shanu.

Mun ji masu cewa ƙazanta ce, wa zai ci tuwon da aka dafa da kashi? Ai iskar ce kawai ke zuwa murhu ta tiyo, kashin yana can a rufe. Kafin a kunna takan yi ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ta kama sai harshen wuta shuɗi, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Abin da ya rage a ramin kuma taki ne mai kyau don lambun makaranta. Ƙorafin da muka fi ɗauka da muhimmanci shi ne na ruwa, domin sai an dama kashin da ruwa kusan daidai wa daida, mu kuwa a nan wurin 'yan garuwa muke saye. Ruwan wanke-wanke marar sabulu zai iya rage wannan. Sanyin hunturu ma yana sa halittun kasala, amma zafin Kano a sauran watanni shi suke so. Kuma wuta ba abin wasa ba ce, dole malami ya tsaya a kai.

Idan aka bar metan ya tashi sama, ɗumama duniya yake yi, kusan sau 28 fiye da iskar kabon a cikin shekara ɗari. Ga dazuzzuka suna ƙarewa a murhu, ga tsadar kalanzir da gas da ta ƙaru tun bayan cire tallafin mai a 2023.

Don haka muna roƙon Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su ba 'yan kulob ɗin JETS dama su gwada a zango mai zuwa. Ba su nemi kuɗi mai yawa ba: duro ɗaya mai murfi, tiyo, tsohon tib na mota don tara iskar, da bokiti kaɗan na kashin shanu daga Abbatuwa. Idan aka cika duron a makon farko, kafin jarrabawar tsakiyar zango ya kamata mu ga ko zai tafasa ruwan shayi.